Ɗigon da Na Toshe

Gidan da muka fara zama a Kuala Lumpur yana hawa na goma sha huɗu ne, a unguwar Danau Kota. Ɗaki biyu da falo, sai banɗaki ɗaya wanda in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango da bango. Muna can matata ta haifi 'yarmu ta fari. A can kuma na yi wa surukata laifin da ban nemi yafiyarsa ba har ta bar duniya.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Da ƙyar na gama sakandare na shiga kasuwa. Wani ubangidana ne ya kawo ni garin nan, ina ɗaure masa kaya a kasuwar Chow Kit, kayan 'yan kasuwarmu da ake aikawa Kano. Kwali, igiya, salatif, aikina ke nan. Hausawan da ke benenmu kuwa kusan duk masu karatu ne, wannan yana digiri na biyu, wancan na uku. In muka zauna a mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan bene, su yi ta maganar bincike, ni ina juya cokali a kofi. Abu ɗaya nake taƙama da shi, ni mai hannu ne. Fanka ta tsaya, ƙofa ta ƙi rufuwa, ni ake kira. Sai abin ya shiga kaina.

Haihuwar fari a gida ake yi, kowa ya sani. Amma likita ta hana matata doguwar tafiya, sai aka ce mahaifiyarta ta zo. Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba sai wannan karon. Ta iso da jaka ɗaya ta sutura, da jaka biyu na gero da kanwa da kuka da daddawa. Ko hutawa ba ta yi ba ta faɗi abin da ya kawo ta: wankan jego, kwana arba'in, safe da yamma, ba fashi ko sau ɗaya. Tana da ƙanwa da ta kumbura bayan haihuwa ta daɗe a kwance, kuma Inna ta tabbata sakaci da wanka ne ya sa sanyi ya shige ta. Ko haka ne ko ba haka ba, ni ban sani ba. Na dai san ta ƙetare teku ne don kada hakan ta sami 'yarta.

Inna ba ta kallona, ba ta kiran sunana, ba ta yi min magana kai tsaye. Kunyar suruki a gida mai tsakar gida da zaure abu ne mai sauƙi. A ɗaki biyu kuwa sai an yi dabara. Ina tsaye taku uku daga gare ta za ta juya ga 'yarta ta ce, "Ki ce wa maigidan albasa ta ƙare." Matata ta juyo tana danne dariya ta ce, "Wai albasa ta ƙare." Ni kuma in ce, "Ki ce wa Inna na ji."

Ranar da aka dawo daga asibiti ta leƙa kicin, ta leƙa baranda, ta ce, "Ki tambaye shi ina ake hura wuta."

Na nuna musu. A silin ɗin banɗaki akwai wata 'yar ƙofa. In ka tura ta sama za ka ga hita, farin tanki a kwance, ya kai cin garwa uku. Bututun ruwan sanyi yana shiga ta gefe, a jikinsa akwai bawul mai jan kai kamar sitiyari, da wani ɗan agogo mai allura ɗaya da ke nuna ƙarfin ruwa. Daga ƙasa kuma wani siririn bututu ya sauko ta jikin bango, bakinsa yana kallon magudana. Ban taɓa tambayar amfaninsa ba.

Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. "Wuta a rufi, ruwa a rufi. Allah ya kyauta." Ta tara bokiti, ta tsoma gwiwar hannu, ta yatsina fuska. "Ki ce masa wannan na jaririya ne. Ina na uwar?"

Na hau kujera na murɗa ma'aunin zafin har ƙarshe. Ruwa ya fito yana tururi, Inna ta gyaɗa kai. Na sauko ina jin kaina kamar wani injiniya.

Makonni biyun farko su ne kwanakin da na fi kewa a duk zamana a ƙasar nan. Inna ta gano bishiyar darbejiya a gefen wani ɗan wurin bauta na Indiyawa, bayan wurin ajiye motoci. Wata tsohuwa Ba'indiya da ke share wurin ta gan ta tana miƙa hannu, sai ta ɗauko sanda mai ƙugiya ta karyo mata reshe. Ba mai jin yaren wata, amma kullum da hantsi za ka hango su daga barandarmu, ƙanana kamar tururuwa, suna nuna wa juna gwiwoyinsu masu ciwo. Gidanmu ya koma ƙamshin darbejiya da kunun kanwa. Ina falo zan ji ƙarar ganye, fyaɗ, fyaɗ, matata tana cewa, "Inna, a hankali, zan dahu!" Inna tana cewa, "Dahuwar ake so. Juya bayan." In ruwan sama ya sauko da la'asar, dogayen benayen cikin gari su ɓace a hazo, sai ka rantse a wani lungu na Kano kake, an dai ɗaga shi sama ne kawai.

A kwana na goma sha shida aka liƙa takarda a lif cewa za a ɗauke ruwa yini guda da rabi. Maƙwabta suka rikice. Inna ko a jikinta. Ta sa muka cika duk wani abu mai baki a gidan, har tukunyar dafa shinkafa, ta yi wa 'yarta wanka huɗu da ruwan da ta dafa a kan gas. Ni kuma na hau na kashe hita, na murɗa jan bawul ɗin na rufe shi ruf.

Da ruwa ya dawo, ja ya dawo, kamar na kududdufi. Na bar famfon kicin ya zuba har ya washe. Sannan na hau kujera, na murɗa bawul sau biyu, na ji ruwa yana shiga tanki, na sauko da sauri don ana jirana a Chow Kit. Bawul irin wannan sai an murɗa shi sau bakwai ko takwas kafin ya buɗe duka. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Daga ranar ruwan zafi ya rasa ƙarfi. In famfo yana rufe, allurar agogon tana tsaye inda ta saba. Da an buɗe sai ta faɗi ƙasa, ruwa ya riƙa zuba siriri kamar daga bakin buta. Kafin babban bokiti ya cika, na ƙasan ya huce. Inna ta yi haƙuri kwana biyu, a na uku ta ce, "Ki ce wa maigidan ruwan nan ba lafiya."

A nan na fara zunubi. Na shiga banɗaki na ga 'yan ganye a bakin magudana, na fito na ce wa matata, da ƙarfi yadda Inna za ta ji, "Ki ce wa Inna ina jin ganyen nan ne yake toshe bututu."

Wallahi na san ƙarya ce tun tana bakina. Ruwan da ya bi magudana ƙasa yake yi, ba ya hawa silin ya koma tanki. Amma an ce min mai hannu, ga abu ya lalace a gidana ban san dalili ba, ina neman wanda zan ɗora wa. Inna ta ji ni sarai. Daga ranar, in an gama wanka, sai ta durƙusa a kan waɗannan gwiwoyin nata ta tsince ganye ɗaya bayan ɗaya, har 'yan ɓurɓushin da suka manne a tayil, ta ƙulle a leda. Safe da yamma. Ina ganinta ta ƙofar da ba ta rufuwa sosai, in kawar da kai.

Ruwa bai gyaru ba. Ran nan ina alwala sai na ji ɗis, ɗis. Na duba, siririn bututun nan ne na jikin bango yake ɗiga. Na ce a raina na kama ɓarawo. Ai ga inda ƙarfin ruwan yake zurarewa.

Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san maganin bututu mai yoyo. Robar taya. Na biya wajen masu gyaran babur na roƙi tsohon tib, na yanko doguwar roba. Na fere tsinken cin abinci irin na 'yan China na cusa a bakin bututun, na naɗe da roba. Na bi bututun har sama na ga ya fito daga wani ɗan bawul mai hannu a jikin tanki, shi ma na naɗe shi tam, na ja, na soke bakin robar a ƙarƙashi, irin ɗaurin da na koya tun ina yaro. Ɗigo ya tsaya. Na kunna hita na zauna ina kallon agogo. Allura ta fara hawa. Ta wuce inda ta saba, ta ci gaba.

"Zo ki gani," na ce wa matata. Na buɗe famfo, ruwa ya yi tsartuwa da ƙarfi har ya fantsamo mana. Kafin in gama murmushi ya koma siriri.

"To, ya koma," in ji ta.

"Sai a hankali zai saba."

"Ruwa ne zai saba? Don Allah ka kira mai gyara."

"Ni mene ne?"

Ta kalle ni ta koma wajen jaririya.

Kwana biyu bayan haka, ranar Asabar, na dawo gida da wuri. An yi la'asar, hita tana kunne tun azahar don wankan yamma. Inna ta shiga banɗaki ta ajiye 'yar kujerar da matata ke zama a kai, tana gyara bokiti. Sai muka ji ƙara a silin kamar taya ta fashe. Ruwa mai tururi ya zubo ta gefen 'yar ƙofar nan, daidai kan kujerar. Inna ta fito da baya tana salati, ta riƙe hannunta na dama.

Na ruga na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na fita waje na rufe ruwan da ke shigo mana. Wannan kaɗai na yi daidai a duk labarin. Matata ta tsoma hannun Inna a bokitin ruwan sanyi tana kuka. Daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa ya yi ja, wuri biyu ya tashi. Ni kuwa kujerar nake kallo. Da an ƙara minti biyu, matata ce a kai, ba riga.

Na ce a tafi asibiti. Inna ta ce, hannunta yana cikin bokiti, "Ki ce masa za a je. Amma ki tambaye shi, ruwan yamma fa? Yau ashirin da uku."

Na sauka mamak. Mai shagon ya san ni, na yi masa bayani da guntun Malayancina na kasuwa. Ya ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala, ya shiga ciki ya jawo wata ƙatuwar tukunya da suke dafa miya. Maƙwabciyarmu ta ba mu ruwa da murhunta. Kafin magariba an yi wankan, Inna tana fyaɗa ganye da hagu. Matata ta fito tana ƙamshin darbejiya da korin tukunyar miya. Sai bayan nan Inna ta yarda muka je aka duba hannun aka naɗe.

Ranar Litinin ofishin bene ya turo mai gyaran famfo. Wani tsoho ne ɗan China, gajeren wando, tawul a wuya, kowa Ankul yake ce masa. Matata tana ɗaki tana shayarwa. Inna tana zaune a tabarma a falo, inda take hango ƙofar banɗaki. Ankul ya hau tsani ya cusa kai a silin ya daɗe. Sai na ji ya yi wata 'yar ƙara. Ya sauko da robata a hannu, tana reto.

"Wa ya yi wannan?" Da Malayanci yake magana, yana haɗawa da Turanci.

Na ce ina jin masu gidan na da ne.

Ya shinshina robar, ya kalle ni. "Sabuwa ce, lah," in ji shi, yadda suke ƙarasa magana a nan. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce in hau tsanin in gani da idona.

Ya nuna min ɗan bawul ɗin da na ɗaure. Ya ce ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, tanki kuma a rufe yake, dole a bar masa ƙofar da zai rage. Ɗigon nan shi ne numfashin hita. In yana ɗiga lokacin da take dafa ruwa, lafiya ke nan. In yana zuba ba tsayawa ko tana kashe, bawul ɗin ya gaji, a canza shi. Amma ba a toshe shi, ko da wasa. Ya ce na ƙure zafi, na kuma toshe ƙofa, sai ƙarfin ya nemi inda ya fi rauni ya fasa tiyon da ke fita daga tanki. "Ka yi sa'a tiyo ne. Da tankin ne, da yanzu ba ni aka kira ba."

Na ce to me ya rage ƙarfin ruwan tun farko?

Ya kama jan bawul ya murɗa. Ɗaya, biyu, uku, yana ƙirgawa da baki yana kallona, har shida. Sannan ya kwance wani ɗan murfi kusa da shi ya zaro 'yar rariya kamar hular yatsa, cike da jan laka da tsatsa na ranar da ruwa ya dawo. Ya wanke ta a kofi, ya ɗaga ta ga haske. Aikin da bai kai minti biyar ba.

Na sauko daga tsani. Sai na ji muryar Inna, kuma ba da 'yarta take ba.

"Malam."

Tunda na auri 'yarta ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba sai ranar. Kanta yana ƙasa, tana shafa bandejin hannunta.

"Me ya ce? Ganyen ne?"

Ankul ba ya jin Hausa. Inna ba ta jin Malayanci. Ni kaɗai ne a tsakani, duk abin da na faɗa shi ne gaskiya a gidan nan. Na durƙusa kamar mai ladabi na ce, "Ya ce tankin ne ya tsufa, Inna."

"Ganyen fa?"

"Ya ce a dai riƙa kula."

Ta ce, "To." Ankul ya jefar da robar a bakin ƙofa ya tattara kayansa.

Sai da wayoyin silin suka bushe aka kawo sabon tiyo da sabon bawul. Kwana huɗu. Ruwa ya dawo da ƙarfi kamar da. Amma Inna ta ce 'yarta ba za ta ƙara zama a ƙarƙashin wannan rufin yana kunne ba. Tukunyar mamak ta zauna a gidanmu har ƙarshe. Ni nake ɗaukar ruwan daga kicin zuwa banɗaki, bokiti uku da safe kafin in fita, uku da yamma, ina baro Chow Kit da wuri. Maƙwabta suna ta yabona, wai ga miji. Inna kuma ta ci gaba da tsintar ganye, yanzu da hannu ɗaya.

Ta cika arba'in ɗinta, ba fashi ko ɗaya. Ranar ta yi kitso, ta dafa shinkafa da wake ta aika wa mai mamak a cikin tukunyarsa, ta sauka ta kai wa tsohuwa Ba'indiya ƙullin kanwa. Ban san me matar ta yi da ita ba.

Ranar tafiyarta zif ɗin babbar jaka ya ɓalle. Ɗaurin kaya sana'ata ce, na tashi zan ɗauko igiya. Sai Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da robar nan, a wanke, a naɗe.

"Ki ba maigidan ya ɗaure da wannan," ta ce wa 'yarta. "Ɗaurin gida ne, tun daga nesa na gane shi. A jikin jaka dai ba ya ƙona kowa."

Na karɓa. Na naɗe jakar, na ja, na soke bakin a ƙarƙashi. Na ɗauki jakar muka sauka. Daga Danau Kota zuwa filin jirgi tafiya ce mai tsawo, ina gaba tana baya, kalma uku kawai ake nema daga gare ni, "ki yafe min". Da muka isa na durƙusa na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna." Ta ce wa 'yarta, "Ki ce masa amin. Allah ya yi albarka."

Bayan shekara uku ta rasu. Ina ta cewa sai mun je gida in faɗa mata baki da baki, waya ba ta dace ba. Ba mu je ba sai ta'aziyya.

Da muka dawo na zaunar da matata na faɗa mata komai, tun daga bawul har ƙaryar tafinta. Ta saurara har na gama.

"Ai na sani," ta ce. "Ranar da mai gyara ya zo ta faɗa min."

"To me ya sa ta ci gaba da tsintar ganyen?"

"Na ce ta daina. Ta ce in ta daina za ka gane ta gane, kuma mutum ba ya jin daɗin kunya a gidansa da baƙo a ciki. Ta ce a bari sai za ta tafi."

Yanzu a unguwar Sri Petaling muke. Yarinyar ta girma, in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ba ta san kakarta ba sai a hoto. Nan ma akwai hita a silin. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa aka dawo da shi, nakan kashe wuta, in buɗe bawul har ƙarshe ina ƙirgawa, in wanke rariya, in bar famfo a buɗe har iska ta gama fita, in duba ko akwai jiƙa a jikin bututu. In abin ya wuce haka, mai gyara nake kira. Maƙwabta har yanzu suna kirana in fanka ta tsaya. Wani lokaci in ce ban iya ba.

Shekaran jiya aiki ya kai ni tsohuwar unguwa. Darbejiyar tana nan, ta ƙara girma, wata mata daban ce take shara. Na tsinko ganye kaɗan na murza a hannu na shinshina, na yi wa Inna addu'a a tsaye a wurin ajiye motoci. Sauran na zuba a aljihu. Matata ta same su da za ta yi wanki, ta ajiye min a kan tebur.